Shekarar da Na Fasa Bangon Inna

Rabi, Sani, da ku ƙannensu, akwai wata magana da kuka tashi kuka tarar a gari, kuka haɗiye ta ba ku taɓa tambayata ba, ko don kunya ko don tsoron amsar da zan ba ku. Ana cewa ni na kori mahaifiyata daga gidan mijinta saboda mace. Kwanan baya gwaggonku Hajo, ƙanwata, ta sake ɗauko zancen a tsakar gida, tana yi tana kallon bango kamar da shi take. Na yi shiru yadda na saba. Amma shirun nan ya kai inda zai cuci wani, domin Rabi ta yi nauyi, haihuwarta za ta faɗo cikin sanyi, kuma Hajo ta riga ta ce ita za ta yi mata jego irin na Inna, har ta fara cigiyar magini ya toshe tagar ɗakin ƙurya. Shi ya sa na ture keken ɗinki gefe na ɗauki biro. Ni tela ne, tsara zance ba aikina ba ne, za ku yi haƙuri da yadda ya zo.

Ba ku san kakarku da ƙarfinta ba. Ƴar gajeruwa ce, amma idan ta yi tsawa daga bakin rijiya ana jin ta a kasuwar Dumega. Ita ce unguwarzomar unguwarmu, kuma rabin waɗanda suke kirana Baba tela yau a hannunta suka faɗo. Abin da ta fi shahara da shi, ya fi karɓar haihuwar ma, shi ne jego. Mahaifinmu ya gina mata wani ɗan soro na ƙasa a ƙuryar gida, ba taga, ƙofa ɗaya ƴar gajeruwa, a ciki da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi. Bayan mai jego ta yi wankan ruwan zafi da ganye, ta sha kunun kanwa, sai Inna ta zuba garwashi a ramin, ta kwantar da ita a kai, ta saki asabari, ta ƙara da bargo, ta bi duk wata kafa da tsumma ta cusa. Ita kuma ta shimfiɗa tabarmarta a gicciye daidai bakin ƙofa, don kada kowa ya buɗe. Itacen a waje take ƙona shi har hayaƙin ya ƙare, sai jan garwashi zalla take shigarwa, kuma da wannan take alfahari a gaban sauran tsofaffi.

"Ku shiga ɗakina ku gani," in ji ta. "Ko ƙwallar hayaƙi ba ku yi. Sanyi shi na abokin gabar ɗanyen jiki, ni kau ban bar mishi ko ƙohwar allura ba."

A ɗakin nan yayarmu Ladi ta rasu, ina saurayi. Ta zo wankan gida da haihuwar fari, cikin tsananin sanyi. Da safe Inna ta fito da rarrafe, tana riƙe da kai tana amai, ta ce wani abu ya danne ta. Da aka shiga, Ladi da jaririn suna kwance kamar masu barci, fuskarta ta yi kyau, leɓenta ja. Ba ciwo, ba kumburi, ba komai. A Arewa idan mutum ya tafi haka, ba a daɗe ana neman dalili. Akwai tsamiya a bayan gidanmu, aka ce doguwar da ke cikinta ce ta ɗauke su, har ta taɓa Inna da ta tsaya mata a hanya. Inna mai salla ce, amma ta yarda, mu ma muka yarda. Tun daga nan duk jegon da ta yi sai ta tashi da ciwon kai, ta ɗaure goshi da ɗankwali, ta ce kokawa take da mai tsamiya. Mutane suka ƙara girmama ta saboda haka.

Shekaru suka wuce, na auri uwarku. Zali ƴar Matankari ce, marainiya, ba ta da ɗakin uwa da za ta koma wanka, don haka da ta haifi Rabi sai Inna ta ce ita ce uwar. Ina so ku riƙe wannan da kyau: Inna ta so Zali. Ta saka ta inda Ladi ta bari. Ba ta taɓa cika ramin nan da garwashi yadda ta cika wa uwarku ba, kuma ƙauna ce ta sa.

Kafin suna abin ya fara. Zali ta ce kanta kamar ana sara, idan ta miƙe ɗakin yana juyawa, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kunu ma ba ya zama a cikinta. Ke kuma Rabi, barci kawai, ba kuka, nono sai an tashe ki an matsa miki. Matan da ke zuwa barka suna ta yabo, wai ba su taɓa ganin jaririya mai haƙuri irinki ba. Duk wanda ya san bakinki yau zai gane ba halinki ba ne, kin biya bashin kukan nan har da ƙari. Na ce wa Inna jikin Zali bai yi mini ba. Ta ja ni bakin ƙofa, ta janye fatar idon uwarku da ɗan yatsa.

"Dubi nan. Ka ga ja? Dubi leɓe. Jini ya cika, ɗan nan. Ba ciwon likita na ba. Waccan ta ta dawo."

Aka kira wata tsohuwa mai girka, ta kawo turare, aka lulluɓe Zali da bargo aka tura mata kasko a ciki. Ta fito ba ta san inda take ba. Na ɗaura jaki a amalanke na kai ta wurin majo, babban malamin jinya na ɗakin shan magani. Abin da ya ɗaure mini kai, tun a hanya ta fara warwarewa, kafin layi ya zo kanmu tana zaune tana ba ki nono tana yi mini tsiya a kan yadda nake kora jaki. Majo ya duba zazzaɓi bai samu ba, ya ba ta maganin ciwon kai, kuma ban ga laifinsa ba, lafiyayyar mace aka kai masa. Muka dawo, ta kwana a ɗakin, ciwo ya dawo. Na sake kai ta, haka aka sake yi. Wannan ya zama hujjar Inna, kuma a gaskiya ni ma hujjar ta kama ni: in dai tana fita gidan tana samun sauƙi, ai abin a gidan yake. Mun yi daidai da muka ce a gidan yake, sai dai duk idonmu yana kan tsamiya.

Wata safiya ina buɗe shago Hajo ta zo da gudu ba takalmi. Na tarar an fito da Zali tsakar gida, ana kiran sunanta ba ta amsawa, ke kuma jikinki ya saki kamar tsumma. Inna tana durƙushe, kanta a ɗaure, tana cewa a kira mai girka. Ban taɓa tsallake maganarta ba sai ranar. Akwai wani ɗan kasuwa da ke lodin wake zai tafi Dogon Dutsi, na tare motarsa a tsakiyar hanya. Ya sauke yaransa daga gaba ya sa mu, ya rufe gilasai saboda sanyi, ya taka mota. Inna ta shiga ba wanda ya gayyace ta, ta karɓe ki ta rungume. Duk hanyar salati kawai take yi.

A asibiti wata lokotoro, wato likita, ce ta karɓe mu, yarinya ƙarama da ban ɗauka za ta iya komai ba. Ta sa aka ɗora wa Zali abin shaƙar oksijan, ke ma aka sa miki ɗan ƙarami, sannan ta ɗaure damtsen uwarku ta ja jini a ƴar kwalba. Sai na ga ta tsaya. Ta ɗaga kwalbar wajen haske tana juyawa. Ni ma idona ya kai, kuma ko ba komai na san launi, aikina ke nan. Jinin da na saba gani idan allura ta soke ni ko an yanka rago daban, wannan daban. Ja ne mai haske, irin na tattasai ɗanye.

"Ina take kwana?" ta tambaye ni. Na faɗa mata. "Akwai wuta ciki?"

"Garwashi na," in ji Inna, tun ban buɗe baki ba. "Babu hayaƙi ko kaɗan."

"Ƙohwa buɗe ko ruhe?"

"Wa ka barin ƙohwar mai jego buɗe, ɗiyata?"

Lokotoro ta dubi ɗankwalin da ke ɗaure a goshin Inna, ta tambaye ta ko ita ma a ɗakin take kwana, ni kuma a ina nake kwana. Na ce a zaure. Sai ta roƙi Inna, da ladabi ƙwarai, ta bari a ɗibi nata jinin kaɗan, a ɗibi nawa. Inna ta miƙa hannu tana harararta. Aka jera kwalabe uku a kan farin tebur. Nawa ja ne mai duhu kamar zoɓon da ba a sirka ba. Na Zali yana ƙyalli. Na Inna yana tsakani, amma ko makaho ya shafa zai ce ya fi kusa da na Zali.

"Inna, jinin da anka jawo daga nan ya kamata shi yi duhu kamar na ɗanki," in ji lokotoro. "Garwashi, ko ya bar hayaƙi, shina hidda wata guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. In ɗaki na ruhe, sai ta taru, mutum shi shaƙa, ta kama jini ta riƙe, ta hana shi ɗaukar abin da jiki ka rayuwa da shi. Jinin shi yi kyau a ido, amma wohi shike yawo. Shi na ciwon kai, shi na jiri da amai, shi na barcin jaririyar ga."

Na tambaye ta me ya sa take warkewa a hanya. Ta ce idan mutum ya fita sarari gubar tana barin jini a hankali, shi ya sa duk wanda ya duba ta bayan ta sha iskar amalanke ba zai ga komai ba. Ta ce injin da ke auna yawan abin ba su da shi a nan, kuma kafin a kai mutum inda yake jinin ya wanke kansa, amma launin nan da labarin ɗakin sun ishe ta. Ta ce Inna ta fi sauƙi ne don tana kwana a bakin ƙofa, inda ɗan sanyi ke kutsowa ta ƙasa. Na zaci Inna za ta tashi da faɗa, don ban taɓa ganin wanda ya gyara mata aiki ya kwashe lafiya ba. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon kwalaben nan, sannan ta yi tambaya ɗaya da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Abin ga, shina kisa?"

"Shina yi, Inna. Cikin barci. Mutum ba ya ma sanin ya tahi."

Da azahar Zali ta buɗe ido ta nemi ruwa, ke kuma kika tsala wani kuka da ya sa matan ɗakin dariya. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamar kukan nan ba, na fita waje na yi nawa. A can na tarar da Inna zaune a gindin bishiyar bedi, ta kwance ɗankwalin goshinta ta ajiye a cinya. Na zauna kusa da ita.

"Kaina ya bar ciwo," ta ce. "Leɓen Ladi ma haka yay yi ja. Har nac ce ma mutane ta tahi da kyawunta."

Na ce Inna, kwana ne ya ƙare, ba ki sani ba, ba wanda ya sani.

"Na san ban sani ba. Amma hannun ga shi ya cusa tsumman." Ta juya tafin hannunta tana dubawa. "Ba ni iya koma shiga ɗakin ga, ɗan nan. Kuma in mata sunka zo sunka ce in yi musu jego, mi za ni ce? In nac ce na bari, sai sun tambayi dalili. In na hwaɗi dalili, Hajo ta ji. Da wane ido za ta dube ni?"

Tausayin da na ji a wurin bai sake ni ba har yau. Mace ce da ta yi shekaru tana yaƙi da abin da take zaton ya kashe mata ɗiya, tana kwana a bakin ƙofa don ta tare shi, rana ɗaya aka nuna mata a kwalba cewa ita take shigo da shi a kasko. Ba ta roƙe ni komai ba. Amma na fahimci tana bukatar hanyar fita wadda ba za ta bi ta kan kabarin Ladi ba, kuma ba wanda zai iya buɗe mata ita sai ni.

Da aka sallame mu muka dawo Dumega, sai na jira rana ta take, lokacin da mata suka cika gidan da sannu. Na ari diga a wurin maƙwabci, na nufi ɗakin ƙurya, na fara saran bango. Ina sara ina ɗaga murya yadda na waje zai ji: lokotoro ta ce garwashi a rufaffen ɗaki guba ne, daga yau ba mai sake shigar da wuta ɗakin nan, gidan nan ni ne namiji a cikinsa, wanda bai ji daɗi ba ga hanya. Ban ambaci Ladi ba. Na yi maganar da gatsali da gangan, irin na ɗan da matarsa ta juya, don hankalin kowa ya tsaya a kan rashin kunyata kada ya wuce can baya. Ya kuwa tsaya. Mata suka yi ta salati, Hajo tana kuka tana riƙe mini hannu, wani dattijo ya ce albarka ta bar gidan. Inna ta shiga ɗakinta ta ƙulle kayanta, ta ce za ta Kieshe wurin ƙaninta, tunda ɗan da ta haifa ya fi ta sanin jego.

Abin ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba. Sallar shekarar nan ɗinkin da na samu bai taka kara ya karya ba, manyan unguwa suka kwashe yadinsu suka kai wa wani. An daina ba ni tabarmar gaba a wurin ɗaurin aure. Uwarku ta sha abin da ya fi nawa, ita aka ce ta mallake ni, ta yi shekaru ba ta zuwa rijiya sai rana ta yi zafi ba kowa. Ta san gaskiya, domin na gaya mata, kuma har ta koma ga Allah ba ta buɗe baki ta wanke kanta ba. Idan kuna yi mata addu'a ku tuna da wannan. Hajo kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a tsaye.

Ina zuwa Kieshe a kai a kai, mutane suna cewa biko nake ana korata. Ba korata ake ba, fura muke sha. Can ma mata sun gano ta, ta koma karɓar haihuwa, sai dai jegonta ya canza. Ƙofa a buɗe, wuta a tsakar gida, duwatsu take gasawa a waje ta naɗe su a zane ta jera wa mai jego a baya da ƙafa. Na ji da kunnena wata tana gunaguni wai tsohuwar Dumega ta rikice, ba ta iya gashi ba.

"Bar su su ce na tsuhwa," in ji Inna. "Dut waɗanda nay yi ma jego nan, da sahe suna tashi."

A ciwonta na ƙarshe na ce ta bar ni in faɗa wa Hajo. Ta ce a'a, ba da ranta ba. Ta ce in riƙe har ranar da riƙewar za ta fi faɗar cutarwa, kuma zan gane ranar idan ta zo. To ta zo. Hajo, na san ɗaya daga cikin yaran nan zai karanta miki wannan, kuma na san zai yi miki zafi. Ki yi kukanki, ki zage ni idan kina so, na saba. Amma kada ki ga baƙin Inna. Abin da uwarta ta koya mata ta yi, da zuciya ɗaya, kuma ranar da ta ga gaskiya ba ta ƙara kwana ɗaya a kan kuskure ba. Ba kowa ke iya wannan ba.

Saura abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwarku. Ranar da na fasa bangon, ramin da na fara yi ƙarami ne, bai fi tafin hannu biyu ba, don a raina ban so in ɓata ginin Baba da yawa. Inna ta fito da ƙullinta a ka, mata suna biye da ita suna ba ta haƙuri. Hanyar fita ta gefen ɗakin take. Da ta zo daidai ni sai ta tsaya kamar za ta tsine mini, kowa ya ja baya. Ta zura hannunta cikin ramin har gwiwar hannu, ta taɓa gefe da gefe, fuskarta a ɗaure. Sannan ta yi magana ƙasa ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Ya yi kaɗan. Ƙara hwaɗinshi, har shi kai nan."

Ta ja layi da farcenta a jikin bango, ta wuce ba ta waiwayo ba. Har daidai layin nan na sara, ban rage ba ban ƙara ba.

Don haka, Rabi, idan kin sauka lafiya, ki yi wankanki, ki sha kununki, gwaggonki ta gasa miki duwatsu a tsakar gida. Amma duk wanda ya zo da laka zai toshe tagar nan, ki ce masa ba ta Baba tela ba ce. Awon kakarki ne, ni yankawa kawai na yi.